Ƙullin Irin Goggo da Na Kwance

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar Goggo. A irin wannan lokaci ta tafi, tsakiyar bazara, ana zafin nan da ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa, hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa. Ƙanwar mahaifina ce, haifaffiyar Tarai, aure ya kawo ta Rano. Ita ta riƙe ni tun daga yaye har ta kai ni ɗakin miji a Kano. Sunanta Hafsatu, ƙawayenta na ce mata Hansai, mu kuwa bakinmu bai taɓa wuce Goggo ba.

Duk shekara 'yan'uwa sai sun ce in rubuta wani abu a kanta, tunda ni ce malamar makaranta. Ina ta zillewa, domin ba yadda za a yi in ba da labarin Goggo ban tona wa kaina asiri ba. Bana dai na ce to, a tona.

Goggo ba ta iya zama haka kawai ba. Da an gama kaka sanyi ya shigo, sai ta jawo buhun ƙyallayenta, ta shimfiɗa tabarma a hantsi, ta hau ɗinkin bargo. Ƙyallayen daga ko'ina suke: guntayen da teloli ke zubarwa, tsohon zanen wance, hannun tsohuwar rigar maigidanta. Ta yanka, ta jera, ta sa tsofaffin zannuwa biyu a ciki, ta bi da allura layi-layi har bargon ya yi nauyi. Ba ruwanta da keke. Duk yarinyar da za a aurar a dangi da bargon Goggo take tafiya, amma kafin ta miƙa miki sai ta zaunar da ke ta yi miki bita. Wannan daga zanen da na ɗaura ranar sunanki ne, wannan ɗankwalin kakarki ne. Mu kuwa muna ƙifta wa juna ido, muna Allah-Allah ta gama.

Da bazara ta kama, allura ta huta. Tana da 'yar garka a bayan ɗakinta, kewaye da dangar kara, ba ta fi shimfiɗar tabarma shida ba. Ta kwashi takin awaki da tokar murhu ta barbaza, ta zauna jiran ruwa. Ba ta shuka a ruwan farko. "Wannan na yaudara ne, Malama," haka take ce mini. Tun ina firamare ta laƙaba mini Malama, don na cika gyara wa mutane magana. Sai ƙasa ta sha sosai sannan za ta sa rama, yakuwa, lalo, kabewa a gindin danga, sai kuma kuɓewa.

A cikinsu duka kuɓewa ɗaya ce mai gata, wadda take kira 'Yar Tarai. Daga hannun mahaifiyarta ta karɓo irin ranar da aka kawo ta Rano. Gajera ce mai kauri, ba ta saurin ƙosawa, guda huɗu sun ishe ki miyar gida, yauƙinta kuwa sai kin yanke da gefen hannu. Ita kaɗai ake shukawa a garka. Sauran kuɓewa can gefen gona take kai su, domin ta ce in suka yi fure kusa da juna sai su ɓata wa juna jini. Ni na san 'Yar Tarai a kwanon tuwo, amma ban taɓa tsayawa na kalli yadda ake ajiye ta ba.

Iri kuwa Goggo ba ta taɓa saye ba. In abu ya bushe a jikin uwarsa sai ta ɓare, ta cakuɗa da toka, ta ƙulle a ƙyalle, ta rataye a jikin azarar ɗakin girki inda hayaƙi ke korar ƙwari. Da su na buɗi ido, ƙulle-ƙulle suna reto a saman murhu, har na daina ganinsu.

Ta rasu ta bar bargo ɗaya ba ta gama ba, na 'yata Zainab, saura kusurwa guda, biki kuma saura wata uku. Bayan sadakar arba'in na ɗauko shi na ce ni zan ƙarasa. Na nemi buhun ƙyallaye, ashe a hidimar zaman makoki an share ɗakin an zubar da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rantse ba zan sa wa bargon nan ƙyallen da hannun Goggo bai taɓa ba. Ina cikin haka na shiga ɗakin girki, na ɗaga kai, sai ga ƙulle-ƙullen nan sun fi ashirin, sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Na ce Alhamdu lillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na sauke su duka na kwance, na wanke ƙyallayen, na goge, launinsu ya fito fes, na ɗinke kusurwar bargo da su.

Irin ma ban wulaƙanta shi ba, kada ku ɗauka. Kwalabe na samo na wanke. Duk wanda ya yi kama da kuɓewa na zuba a kwalba ɗaya, yakuwa a ɗaya, rama a ɗaya. Na manna takarda na rubuta suna, har da ja masa layi a ƙasa. Na ja da baya ina kallon aikina ina jin daɗi, wai ni na kawo wa Goggo tsari.

Ranar jeren Zainab Iya Uwani ta zo. Ƙawar Goggo ce tun suna 'yan mata a Tarai, ita kuma a Kibiya ta yi aure. Aka shimfiɗa bargon a kan gado mata suna ta yabawa. Iya Uwani ta sunkuya a kan kusurwata, ta ɗora yatsa a kan wani koren ƙyalle mai ɗigo-ɗigon rawaya.

"Binta, wannan ba ƙullin 'Yar Tarai ba ne?"

"Ƙullin iri ne dai, Iya. Irin yana nan, na adana a kwalba."

"Shi kaɗai?"

"A'a, duk kuɓewar na haɗa wuri ɗaya."

Ta saki salati har mata suka juyo. "Kuɓewa biyar ce fa, 'yar nan! Kore 'Yar Tarai, shuɗi doguwa ta busarwa, kowace da ƙyallenta. Hansai ba ta yi boko ba, ƙyallen nan shi ne rubutunta. Ke da kike koya wa 'ya'yan mutane karatu!"

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Na tambaye ta ko tana da irin a wurinta, ta ce ina za ta ajiye Hansai na raye, duk bazara ita ke aiko mata. Garka kuma ba a shuka ta ba a shekarar, tunda Goggo ba ta ga ruwa ba. Daga baya na je har Tarai gidan kakarmu, suka ce rabonsu da ita an daɗe, na fakiti suke saye. Duk abin da ya rage na 'Yar Tarai yana cikin kwalbata, gauraye da wasu huɗu da ido ba ya raba su. Amma Iya Uwani ta ba ni mafita tun a ranar. Ta ce in kawo a shuka duka a gidanta, in sun fito za ta gane ta.

Ban kai ba. Damina ta farko na ce aiki, ta biyu na ce rashin lafiyar maigida, ta uku ban ma nemi dalili ba. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Muddin irin yana cikin kwalba ina iya ce wa kaina bai ɓace ba, ga kunyar haɗa ido da Iya Uwani. A tsakanin nan 'ya'yan gidan Rano suka cire dangar garka suka gina shago a wurin. Sai a bazara ta huɗu, da aka aiko mini cewa yanar ido ta fara rufe wa Iya Uwani gani, na sa kwalbar a jaka na hau motar Kibiya.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta sa na jiƙa irin, muka gyara wani lungu kusa da rijiyarta, da ƙasa ta sha ruwa na shuka shi kaf. Iri ya tsufa. Cikin kwalba guda, goma sha uku ne suka tsiro. Duk Asabar ina Kibiya, ina cire ciyawa ina korar kaji, ina ƙirga su kamar wani zai sace.

Da suka kai gwiwa, fure ya fara alamar fitowa, Iya Uwani ta ce yau ce ranar. Na kai mata kujera 'yar tsugunno, tana ja daga wannan tsiro zuwa wancan. Ta shafa kara, ta juya ganye ta shafa bayansa, ta murza ta sansana yatsunta. Ta zagaye su sau biyu, ni kuwa zufa har cikin idona. Can ta koma kan guda biyu.

"Wannan da wannan. Sauran ki tuge."

"Haba Iya, a bari su yi 'ya'ya mana mu gani."

"In suka yi fure tare an gama, ba sauran 'Yar Tarai. Tuge, Binta."

Na ce ko a dasa su wani wuri, ta ce kuɓewar da ta kai haka ba ta dasuwa. Haka na durƙusa na tuge guda goma sha ɗaya ina kuka, irin Goggo na ƙarshe, da rai a jikinsu. Biyu daga cikin waɗanda na tuge na sa a bokiti na kai Kano, ko mako ba su yi ba. Sauran kuɓewa huɗun nan a hannuna suka ƙare.

Biyun da aka bari suka yi 'ya'ya gajeru masu kauri. Na tsinki huɗu na yi miya, na tuƙa tuwon dawa, na zauna ina kallon bakin Iya Uwani. Ta kai loma, ta tauna a hankali, ta ce, "Ita ce." Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni da ban iya ba. Tun daga shekarar nake shuka ta a tsofaffin buhuna a tsakar gidana na Kano, ina raba wa dangi iri, kowa na gaya masa 'Yar Tarai ce.

Nakan yi tunanin abin da Goggo za ta ce da ta ga yau. Bargon kanti ya cika ɗakunan amare, mai laushi, ba nauyi, na san za ta ɗaga shi ta ce, "To wannan wa kika sani a jikinsa?" Irin fakiti da sai an sake saye duk shekara kuwa, sai ta yi kwana uku tana mita. Tsakar gidaje duk an malale da siminti, ko inda za ki zuba ruwan wanke-wanke ya sha babu. Amma ba komai za ta ƙi ba. Matar da ta shekara arba'in tana jan guga, in ta ga famfo a ƙofar gida sai ta gode wa Allah. Kuɓewata ta cikin buhu kuwa za ta yi mata dariya har da hawaye, sannan ta tsuguna ta ce takin ya yi kaɗan.

Bara na je duba Iya Uwani, jiki ya yi nauyi, makonni kaɗan kafin ita ma ta tafi. Da la'asar ne, tana kwance a rumfa. Ina ba ta labarin yadda kuɓewa ta yi kyau, sai ta laluba ta kama wuyan hannuna.

"Binta, akwai maganar da ba na so in tafi da ita. Ranar nan ban tabbata ba."

Na ce, "Wace rana, Iya?" alhali na gane.

"Akwai wata gajera da Hansai ta samo daga Rurum, a hannu ba su da bambanci da 'Yar Tarai. Da ido nake raba su, kuma ba abin da zan iya kwatanta miki ba ne. Abin da muka bari dai, ko ta Rurum ce ko 'Yar Tarai."

"To miyar fa? Kin ce ita ce."

"Bakin tsohuwa me yake ji? Ina jin numfashinki a kusa da ni, na san abin da kike jira." Sannan ta ƙara da cewa, ba da faɗa ba, "Da shekarar farko kika zo, daga bakin ƙofa zan nuna miki ita."

Na fito raina a ɓace, har cikin mota ina jin haushinta. Kafin mu kai Rano haushin ya dawo kan mai shi. Ita iya abin da ya rage mata ta ba ni.

Yanzu ba wanda ya rage da zai raba mini gardamar nan. Wataƙila kuɓewar da ke tsakar gidana ita ce wadda kakata ta damƙa wa Goggo, wataƙila kuma ita na tuge da hannuna na jefa wa awaki. Na bi dangi ɗaya bayan ɗaya na janye maganata, abin da wuya ga mai irin bakina. In aka tambaye ni sunanta yanzu, cewa nake ban sani ba, daga ɗakin girkin Goggo dai ta fito, hannunta ya ɓare ta, tokarta ta sha. Iyakar abin da zan iya rantsewa a kai ke nan, kuma ina shuka ta duk shekara.

Allah ya jiƙan Goggo, ya jiƙan Iya Uwani, ya haɗa su inda ya fi nan. Ni kuma ya yafe mini damina ukun nan da na zauna.