Saƙon da bai kai kunnen Shef ba

Har yau ranar da muka yi wa Malam Habu na Dogo aiki ba ta bar raina ba. Lokacin ni ce majo ta bulok, wato shugabar ma'aikatan jinya na ɗakin fiɗa, a wani asibiti na Damagaram. Damina ta ƙarato. Malam Habu manomi ne, amalanke ya kife da shi, ƙashin cinyarsa ta dama ya karye.

Aikin sananne ne: a buɗe cinya, a haɗa ƙashi, a ɗaure shi da ƙarfe da kusoshi. Mai fiɗa rauni kawai yake gani, sauran ƙafar tana cikin zane. Wanda ya riƙe ƙafar yana ja, shi ya san inda yatsu suka fuskanta. Ƙashin da aka ɗaure a murɗe, a murɗe zai warke.

Shef, wato babban likitanmu, shi ne ke fiɗar, dattijon da ya koyar da kusan dukanmu. Mai riƙe ƙafa kuwa Lokotoro Laminu, wanda bai daɗe da auren ƴar Shef ba. Kun san surukuta a garin nan. Tun da aka ɗaura auren bai ƙara haɗa ido da shi ba, ko shayi ba ya sha a gabansa.

Ana cikin ɗaure kusoshi Laminu ya yafito ni da kai, ya ce a kunnena, "Majo, ƙafar ta juya waje. A samu mai gaya wa Baba."

Na ce, "Ai kai ne likita."

"Haba Majo, ni da wane bakin?"

Ni ma na ga nauyin gyara wa Shef aiki a gaban mutane. Na je wurin Alhaji Mamman mai sa barci, sa'an Shef ne, suna wasa. Na ce, "Laminu yana ganin kamar ƙafar ta ɗan karkata." Alhaji Mamman ya leƙo ta saman zane ya ce, "Tsoho, komi daidai dai ko?"

Shef bai ɗago ba. "Kai dai kula da barcinka, malalaci."

Aka yi dariya, aka ɗinke.

Ran da Malam Habu ya fara tsayuwa, ƙafar hagu na kallon gaba, ta dama na kallon bango. Sai an sake buɗewa. Da muka gaya masa ya ce, "Allah ya saka da alheri, kun yi ƙoƙari. Likita, zan samu shuka?"

Ana haka aka kawo wa sashen ƙashi horo a kan abin da ba na wuƙa ba: yadda ake magana a bulok, da sauraro, da jagoranci. Mai horon ta nemi misali daga aikinmu. Shef da kansa ya kawo zancen Malam Habu, ya ce ya rasa yadda abin ya wuce shi. Nan Laminu ya miƙe, idonsa a ƙasa, ya faɗi abin da ya gani. Aka sa kowannenmu ya maimaita kalmomin da ya furta ran nan. Muna ji da kunnenmu yadda maganar ke raguwa daga baki zuwa baki, har ta zama gaisuwa.

Shef ya ce, "Ashe duk kun sani. Ni kuma aka taɓo ni, na mai da abin wasa." Ya juya. "Laminu, a zaurena ka durƙusa yadda kake so. A bulok ka ce, 'Shef, dakata.' Faɗi in ji."

Da ƙyar muryar Laminu ta fito. Aka sa shi ya yi ta maimaitawa, mu ma haka, har da masu shara.

An gyara ƙafar Malam Habu, ta miƙe. Amma daminar nan a gado ta same shi, a gado ta bar shi.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, kunya tarbiyyarmu ce, ban ce ku yar da ita ba. Amma a bulok wanda ya gani shi ke faɗa, da bakinsa, ga mai wuƙa, ba aike. Mu mun girmama juna ran nan, mutumin da ke kwance yana barci shi ya rasa shekararsa.