Fitila Mai Lamba 214

A gidanmu, kafin a koya wa yaro sunan titinsu sai an koya masa yadda kakana, Emlyn Treharne, ya fito daga ƙarƙashin ƙasa.

A ramin kwal na Cwm Helyg kowa yana da lamba, an buga ta a kan ɗan faifan tagulla kamar kwabo. Da safe ka miƙa faifanka a ɗakin fitilu, a ba ka fitila mai lambarka, a rataye faifan a ƙusa jikin allo. In ka fito ka mayar da fitila, ka karɓi abinka. Saboda haka in wani abu ya faru ba sai an tambayi kowa ba. Duk faifan da ya rage a allo, mai shi yana ƙasa.

Wata Asabar a watan Yuni na 1958, da hantsi, gas ya fashe a ɓangaren arewa na ramin, wuta ta kama. Da aka gama fito da waɗanda za su fito, faifai goma sha ɗaya suka rage, har da 214, lambar kakana. Bayan azahar fasto ya zo ƙofar kakata Olwen, hularsa a hannu. Bai gama buɗe baki ba sai ga Emlyn yana gangarowa daga tudun bayan gida da ƙafafunsa. Wata maƙwabciya ta ce, "Ta tsohon ramin shigar da iska ya fito." Kafin yamma gari ya ɗauka. Sauran kuwa, an yi kwana uku ana fama da wutar, a ƙarshe aka gina katangar bulo aka toshe ɓangaren da su a ciki. Sunaye goma aka sassaƙa a dutsen tunawa da ke gaban coci. Shi kuma aka sa masa suna Emlyn Dawo, da shi aka binne shi bayan shekara talatin da tara.

Ina da shekara bakwai ya rasu, amma na san shi. Gajere ne, bayan hannuwansa duk shuɗayen tabo inda ƙurar kwal ta shiga ciwo ta warke a ciki. Ban taɓa jin labarin daga bakinsa ba. Da an fara shi sai ya ɗauki hularsa ya tafi lambu. Lambun nan abin dariya ne a garin. Kowa yana da ɗan filinsa a bakin rafi inda ƙasa take da kyau, shi kuwa ya bar nasa ya haura can ƙolin tudu, kusurwar wata tsohuwar katangar tumaki, inda babu komai sai duwatsu da iska. A bayansa ya riƙa hawa da ƙasa buhu-buhu. Kabeji yake shukawa, da wani ganye mai ƙamshi da ba wanda ke ci a gidanmu.

Bana haruffan dutsen suka gama goguwa, kwamitin gari ya ce a yi sabo. Aka ce ni ce mai son tsoffin takardu, in je ɗakin ajiyar tarihi in tabbatar da sunayen kafin Juma'a, ranar da mai sassaƙa zai fara. Na tafi da murna, don a raina so nake in ga sunan kakana a takardar hukuma.

Na gan shi, a littafin ɗakin fitilu. Fitila 214, ta fita ƙarfe shida saura ashirin. A gurbin dawowa ba a rubuta komai ba. Na nemi taswirar ramin. Tsohon ramin iska yana nan, an ja masa layi, an rubuta cewa an toshe shi da kankare tun 1949. Na zauna ina kallon takardun biyu. Ba mai tafiya a ƙarƙashin ƙasa babu fitila, kuma ba mai ratsa kankare. Wani ya sauka da fitilar nan, bai hau ba.

Mutum ɗaya ya rage a garin da ya yi aiki a ramin lokacin, Hywel Gittins, mai shekara casa'in. Na same shi a kulob ɗin ma'aikata da rana, yana fama da kofin shayi.

"Jikar Dawo," ya ce. "An ce kin zama marubuciya. To ki rubuta cewa shayin gidan nan ruwan wanke kwano ne."

"Baba Hywel, wa ya sauka da fitilar kakana?"

Ya juya cokali a kofin.

"Ke kam ba ki iya gaisuwa ba. Duk Treharne haka kuke, kai tsaye kamar dokin jan kwal a rami." Ya tsotsi shayin. "Ni a ɓangaren kudu nake, ban ga komai ba. Amma in kin je wurin gwaggonki, tambaye ta wa ke kwana a ɗakin baya na gidansu a waccan shekarar. Kada ki ce ni na aike ki. Har yanzu tsoronta nake ji."

Gwaggo Eluned ita ce babbar ƴar Emlyn, tana da shekara tara lokacin. Ita ce mai ba da labarin Dawo a kowane biki, da hannu da murya. Na same ta tana guga. Na yi tambayar. Ba ta ajiye dutsen gugar ba.

"Wannan tsohon tsinannen ne ya aiko ki."

"Littafin fitilu ne ya aiko ni, Gwaggo."

Ta goge hannun riga ɗaya sau uku, sannan ta kashe wuta ta zauna.

Sunansa Kazimierz Wrona, kowa na ce masa Kaz. Ɗan ƙasar Poland ne, yaƙi ya jefo shi nan, ba shi da kowa, ya kama hayar ɗakin baya. Shekara goma ya yi a ramin, sai likita ya ce ƙura ta ci huhunsa, aka hana shi sauka. Wata huɗu ya yi yana zaune a ƙofar gida, yana kallon maza suna wucewa aiki.

"Babana kuma tantabaru," in ji Gwaggo. "Ba ki san shi da su ba. Akwai wata shuɗiya da ya fi so, ina jin har da mu. An kai su Faransa an sake su don gasar tseren dawowa gida, ranar Asabar ake sa ran dawowarsu, kuma dole mai tantabara ya kasance a wurin ya kama ta. Ranar kuma yana da aiki. Ina saman bene na ji su. Kaz ya ce, 'Emlyn, ba ni faifanka. Ina so in ji warin wurin sau ɗaya.' Babana ya ce, 'Kai da ko bene ba ka iya hawa?' Kaz ya ce, 'Ai sauka zan yi, ba hawa ba.' Suka yi ta dariya."

Ba wani sabon abu ba ne a lokacin. Mutum yakan sauka da faifan abokinsa, mai ɗakin fitilu ya kawar da kai. Ɗakin tantabarun yana bayan tudu, inda ba a jin ƙahon da ake busawa a rami lokacin hatsari in iska ta juya. Emlyn ya kama shuɗiyarsa, ya gangaro da murna zai gaya wa matarsa, sai ya tarar da fasto.

"To me ya hana shi faɗa?"

"A gaban wa? Mai ɗakin fitilu yana da ƴaƴa shida, kurkuku zai tafi. Shugaban ayarin da ya ƙyale Kaz ya yi aiki yana cikin matattu, a ɓata masa suna matarsa na ji? Maƙwabciyar nan ta yi maganar ramin iska, babana ya yi shiru. Shirun minti ɗaya. Washegari kuma ya riga ya yi girma." Ta shafa gwiwarta. "Mama ta haɗa akwatin Kaz ta kai saman rufi, ta ce ya tafi Landan. Tantabarun kuwa, ranar Lahadi ya raba su duka."

"Manya sun sani ke nan."

"Waɗanda suka sani sun sani."

Na ce mata sai a sa sunan Kaz a sabon dutsen. Ta miƙe ta sake kunna dutsen guga.

"Ke Nerys, shekara sittin ina tsayawa a gaban mutane ina cewa ubana ya fito daga wuta. Yanzu ki sa in ce tantabara ya je kamawa? Ya tura mara lafiya ya mutu a madadinsa, ya karɓi suna a kai? Ki bari in mutu tukuna, ba zan daɗe ba."

Na tafi da haushin kakana a raina, ba nata ba. Hujjojin da ta kawo gaskiya ne, amma na san akwai wata a ƙarƙashinsu. Mutumin da aka ce Allah ya fito da shi daga wuta ya fi sauƙin zama a gari da wanda ya bar aiki don tsuntsu. Har yau ban san wacce ta fi nauyi a ransa ba a cikin mintin nan. Ina jin shi ma bai sani ba.

Ranar Laraba na sake shimfiɗa hoton taswirar a teburina, ina neman inda aka gina katangar bulon. Masu awon rami sukan zana abin da ke saman ƙasa da siririn layi a kan abin da ke ƙasa, don su san ƙarƙashin me suke haƙa. Ɓangaren da aka toshe an shafa masa ja. A kan jan, layi ya zo ya karye kamar gwiwar hannu, kusa da shi an sa alamar maɓuɓɓuga. Na san gwiwar nan, kusurwar katangar lambun kakana ce. A kanta nake zama in ci biskit yana cire ciyawa.

Sai da na yi rantsuwa ba zan sake tayar da maganar ba in ta bi ni, sannan Gwaggo ta shiga mota. Inda hanya ta ƙare muka taka, tana tsayawa tana zagin gwiwoyinta da ni. Lambun ya koma daji, amma ƙasarsa har yanzu ta fi ta kewaye baƙi, ganyen nan mai ƙamshi kuma ya ci gaba da zubar da iri yana fitowa da kansa. Na shimfiɗa taswirar a kan katanga, na ɗora yatsanta a kan gwiwar, sannan na nuna mata inda muke tsaye.

Ta daɗe tana duba takarda, tana duba ƙasa.

"Zurfin nawa ne?"

"Yadi ɗari shida da wani abu."

"Daidai nan?"

"Daidai ƙarƙashin ƙafarki."

Ta ja da baya taki ɗaya, kamar ta taka wani. Iska tana kaɗa ciyawa, can ƙasa rufin gidajen garin sun jeru, ba alamar an taɓa yin rami a wurin. A ƙarƙashinmu kuwa mutum goma sha ɗaya suna kwance da fitilunsu. Shekara talatin da tara mutumin nan yana hawa tudun nan da buhun ƙasa a baya, gari na yi masa dariya, yana durƙusawa a kansu kowace rana, bai gaya wa ko ƴarsa ba.

Gwaggo ta tsinki ganyen ta murza a yatsu ta shinshina.

"Wannan Kaz ke sa wa miya," ta ce. "Duk gidan sai ya ɗauki ƙamshi, Mama ta yi ta faɗa. Na manta." Ta zauna a kan katangar. "Ni nake kawo wa babana shayi nan. Sai in tarar yana magana shi kaɗai, in ce tsufa ne. Kullum kofi biyu yake cewa in sako, wai ɗaya na iya fashewa."

Ba ta yi kuka ba. Ta sa ganyen a aljihun rigar sanyinta, ta miƙo mini hannu in tayar da ita.

Da safiyar Juma'a na je gidanta na tarar ta sa maƙwabci ya sauko da akwatin. Riguna biyu, reza, hoton wata mata da ba mu san ko wace ce ba, da takardar shaidarsa mai cikakken suna da shekarar haihuwa. Ita ta ɗauki takardar, ita ta shiga wurin mai sassaƙa a gabana.

"Goma sha ɗaya ne, ba goma ba," ta ce masa. "Ga na ƙarshen."

Mutumin ya dube ni, ya dube ta. "Iya, kwamiti ya sani?"

"Kwamiti zai ji daga bakina ranar Lahadi, bayan coci. Kai dai ka bar masa wuri."

Da muka fito ta tsaya tana ɗaure ɗankwalinta.

"Labarin zai yi tsawo yanzu," ta ce. "Sai na koyi yadda zan faɗe shi. Kai ni wurin Hywel, ina da magana da shi."