Nikabin Malama Tasalla

Duk wanda ya yi firamare a Batsari ya san muryar Malama Tasalla. In ta daka tsawa a filin makaranta, har mahautan bakin kasuwa sukan gyara tsayuwa. Ga ta da iya jan hankali: ita ake kira taron mata ta yi bayanin ƙanjamau, ta ce kowacce ta je a gwada jininta, ba abin kunya ba ne. A tafa mata, ta koma gida. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa ba.

Mijinta Umaru, direban motar Katsina, ya yi doguwar jinya, ya rame har ya rasu ba a san ciwon ba. Tun daga nan tsoron ko ƙanjamau ne ya zauna mata a ciki. Da yake limamin unguwarsu ba ya ɗaura aure sai an yi gwaji, duk wanda ya zo zawarcinta sai ta nemo masa aibu: wannan gajere ne, wancan yana tauna da ƙara. Armaya'u mahauci ne kaɗai ta rasa abin faɗa a kansa, sai ta ce ƙarni. Shi kuwa ko a shekarun nan da nama ya koma sai kallo, albashi ba ya ganin tsakiyar wata, in ta sayi ƙashin miya sai ta tarar da hanta a ƙasan leda. Tana son sa, kuma ta san tana son sa.

Ran nan zullumi ya ishe ta, ta ce sai ta je an gwada ta. To amma a asibitin Batsari, inda mai shara ma ɗalibarta ce? Sai ta ari nikabi har da safar hannu, ta hau acaɓa zuwa Safana, hanyar da ake bi da addu'a a baki saboda 'yan bindiga.

A bencin jira ta tarar da mata biyu cikin nikabi, kowacce ta kafa wa ƙasa ido, sai wata tsohuwa a gefe. Ta ƙudurta ba za ta ce uffan ba. Amma ta yaya za ta zauna kusa da sa'ar uwarta babu gaisuwa? Kafin ta ankara ta durƙusa.

"Kaka, ina kwana? Ya ƙarfin jiki? Ya mutan gida?"

Nan take matan biyu suka zabura suka miƙe tsaye, kamar ta shigo aji. "Ina kwana, Malama!"

Ashe Zuwairatu ce ta sakatariyar ƙaramar hukuma, da Jannatu, wadda ita ce ma ke ɗibar jinin mutane a asibitin Batsari.

Tsohuwa ta bi su da kallo. "Ku duk mutan Batsari ne? Ai namu na Safana can wurinku suke tafiya. Kuna ta saɓani bisa hanya, ga tsadar mai. Kai, ɗiyan zamani!"

Malama ta yi dariya har da hawaye, sai dariyar ta juye kuka na gaske. Zuwairatu ta riƙe mata hannu har aka kira ta. Aka tsikari yatsa, aka ɗan jira, nas ta ce jininta lafiya lau. Ta yi hamdala, ta kuma ji takaicin shekarun da ta ɓata tana jinyar ciwon da ba ta da shi.

Ta koma Batsari fuska a buɗe, ta zarce teburin Armaya'u, ta ɗauko muryar nan tata ta taron mata.

"Malam Armaya'u, gobe ka je a gwada jininka. Ba abin kunya ba ne."

Ya ajiye wuƙa, ya sosa ƙeya, ya rage murya.

"Malama, ai tun bara na yi. Safana na tafi. Ke nake jira."