Madafar Mama Ba Ta da Taga

Shekarun baya, wajen farkon dubu biyu, ina sakandare a cikin garin Zuru, gidanmu kuma yana wani ƙauye a gindin dutse ta hanyar Mahuta. Madafar mahaifiyata ɗakin laka ne mai jinka, ƙofa ɗaya, babu taga. Da gangan aka gina shi haka. A saman murhu mahaifina yake rataye zangarniyar dawar da zai yi iri, hayaƙi ya turare ta kada ƙwari su ci. Ko gara ba ta kusantar jinkar da ta sha hayaƙi. Ni kaina idan na ci tuwon makaranta sai in yamutsa fuska in ce ba daɗi, wai babu ƙaurin itace a ciki. Har fariya nake yi wa ƙawayena da wannan.

Mama takan shiga madafar tun da safe, ta dama kunu, ta dafa na masu gona, ta ɗora na yamma. Da damina itacen jiƙaƙƙe ne, sai ta durƙusa tana hura wuta da baki, hawaye na zuba. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ciwo. Mace mai girki ai da jan ido aka san ta.

Da tari ya kama ta ya ƙi tafiya, maƙwabta suka ce tarin fuka ne. Aka ware mata ƙwarya da cokali. Matan da suke waƙa tare a coci suka koma gaishe ta daga bakin ƙofa. Kakata, uwar Baba, ta ce sanyi ne ya shige mata ƙirji. Ta kawo saiwoyi ta zuba a garwashi, ta lulluɓe Mama da zane, ta ce ta shaƙa sosai. Mama ta shaƙa, don ba ta musu da surukarta.

Sai da yayana soja ya zo hutu aka kai ta asibiti. Ni na shiga da ita, domin idan ta tsorata Hausarta guduwa take yi, sai yarenmu. Baba yana tsaye a bayanmu. Bayan gwaje-gwaje likitan ya dube ta ya ce, "Mama, kina shan taba?"

Baba ya ɓata rai. "Likita, matata ce fa. Ko goro ba ta ci."

"Yi haƙuri, Baba. Ba tarin fuka ba ne. Amma huhunta kamar na wanda ya daɗe yana shan taba. A ina take girki?"

Na kwatanta masa madafar. Ya ce a fitar da murhu waje, in kuma ba zai yiwu ba, a fasa bango a yi taga.

Muna fitowa Baba ya ce, "Yaron ga bai san ƙauye ba. Uwata a cikin hayaƙin ga ta tsufa, ga ta nan da ranta. In na buɗe taga ƙwari suka cinye iri, mi zan shuka baɗi?"

Yayana ya sayo risho kafin ya koma bariki. Bai yi amfani ba. Kalanzir wuyar samu yake yi, tukunyar tuwonmu ta fi ƙarfinsa, Baba kuma ya ce miya tana warin mai. Mama ta naɗe shi a tsumma ta tura ƙarƙashin gado. Da na matsa mata sai ta ce, "Bar shi, 'yata. Hayaƙi ne kawai. Wace mace ce ba ta shan shi?"

Haka ta ci gaba da shiga, tana fitowa tana dafa bango, har numfashi ya riƙa gagarar ta wajen hawa tudun rijiya. A wata damina ta rasu. Wurin makoki na ji an ce lokaci ne, na ji wasu suna raɗa cewa jifa aka yi mata. Ban ji bakin da ya ambaci hayaƙi ba.

Bayan baƙi sun watse zazzaɓi ya kwantar da ni. Ba kowa a gida sai ni da Baba, ana yayyafi, sai ya ce bari ya dafa mini ruwan zafi. Ranar na fara ganin sa a cikin madafar da wuta a kunne. Ruwan bai ko yi ɗumi ba ya fito a sunkuye, yana tari, hawaye har gemu. Ya zauna a kan turmi ya daɗe yana maida numfashi. Sannan ya dube ni ya ce, "Haka wurin ga yake kullum?"

Na ce, "Haka yake, Baba."

Washegari ya ɗauki diga ya fasa bangon daidai saman murhu. Kafin rana ta yi zafi ya gama.

Baba ba mugu ba ne, kuma na san yana son ta. Na yafe masa tun kafin ya bi ta. Amma maganar likita ba ta motsa shi ba, tarin da yake ji a gefensa shekara da shekaru bai motsa shi ba, sai da idonsa ya yi yaji sau ɗaya.

Yanzu idan na je gida ina ganin matan ƙannena a cikin irin wannan ɗaki, da goyo a baya. In na yi magana sai su yi dariya su ce Anti ta zama 'yar birni. Mazajensu kuwa suna gindin mangwaro suna jiran tuwo. Na daina yi wa matan dogon bayani. Mazan nake ce wa su shiga su hura wutar da kansu, ko sau ɗaya. Har yau ba wanda ya shiga.