Cibiyar Chencha

Duk garin an san Bartola Canché da abu biyu: hannun girki da baƙin taurin kai. A bayan katangar gidan mai gandu Don Eusebio aka haife ta, a layin bukkokin masu yankan ganyen da ake igiya da zarensa, kuma tun ba ta iya ɗaura zani ba aka tura ta kicin ɗin babban gida niƙan masara. Nan ta yi 'yammatanci, nan aure ya same ta, nan furfura ta fito mata. Mijinta Anastasio, injin tsefe ganye ya cinye masa hannu, ya yi 'yan shekaru zaune a bakin ƙofa yana tsine wa duniya, ya rasu.

'Yarsu ɗaya tal, Chencha. Da cibiyar jaririyar ta faɗi, uwar miji ta ce a binne ta ƙarƙashin murhu kamar yadda ake wa kowace 'ya mace, don kada ta yi nisa da gida. Bartola ta dubi murhun bukkarta, toka ce mai sanyi, sai ran Lahadi yake ganin wuta.

"Wannan ai ba murhu ba ne, Inna," in ji ta.

Ta ƙulle abin a tsumma, ta kai kicin ɗin babban gida, ta tona tsakanin duwatsu ukun da take durƙusawa gabansu tun asuba, ta binne. Tsohuwa ta ce, "Kin binne 'yarki a gidan mutane." Bartola ta yi dariya ta koma niƙanta.

Igiya ta daina kasuwa, jikokin Don Eusebio suka garƙame gida suka koma birnin Mérida. Chencha ta girma ba aikin yi, ta bi masu ratsa hamada zuwa ci-rani a ƙasar da ke arewa da su. Ta kira sau ɗaya daga bakin iyaka, daga nan shiru. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya ce ya gan ta. In watan Nuwamba ya kama, lokacin ciyar da matattu, kowa ya nufi maƙabarta da ƙullin masara da kaza da aka gasa a rami, ita kuwa ba ta da inda za ta ajiye na 'yarta.

Ana nan sai aka mai da gidan Don Eusebio gidan tarihi. Aka shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, aka goge gadon uwargida, aka ja jan igiya gaban kowane ɗaki. Mai gadi Wilberth ne, ɗan ƙawarta, wanda ta sha share wa majina, yanzu ya yi tumbi ya sa hula.

"Tikiti, Goggo."

"Ni da kicin ɗina? Kai, Wilberth, ka ci gidanku!"

"Doka ce, Goggo. Ni ma in na tuɓe hular nan saya zan yi."

Ta saya. Kowane watan Nuwamba tana saya, ta tsaya bayan igiya kamar baƙuwa, tana kallon tsakanin duwatsun nan. Abu guda take so: ta tono ƙasar wurin, ta kai maƙabarta kusa da Anastasio, yarinyar ta samu inda za a riƙa kai mata abinci.

Ta je wurin shugabar gidan, wata mai tabarau ana ce mata Ligia. "Tafin hannu ɗaya zan tona, 'yar nan, in mayar da ƙasa in daɓe."

"Ayya, Mama! Ƙasar nan tarihi ce, ko tsinke ba a ɗauka. Amma labarin nan naki ya yi kyau, za mu riƙa ba wa baƙi."

"Ban kawo miki labari ba," in ji Bartola, ta fice tana huci.

Bana tari ya kama ta, irin wanda tsoho ya san ma'anarsa. Ta ce to, ko za a kai ta kurkuku sai ta tona. Duk damina gidan a rufe yake ana gyara, ranar da aka buɗe kuwa ta soke cokalin ƙarfe cikin rigarta, ta ɗauki ƙullin masara, ta sayi tikiti. Wilberth ya ƙi haɗa ido da ita.

Tana shiga kicin ta tsaya cik. An shimfiɗa jan tayil mai sheƙi daga bango zuwa bango. Duwatsun uku an matsar da su gindin taga, an durƙusar da wata mutum-mutumi gabansu tana niƙa, tana ta murmushi. Wa ya taɓa niƙan asuba yana murmushi, don Allah?

"Wurin taga ya fi haske, hoto ya fi fitowa," in ji Wilberth daga bayanta, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙasar fa?"

Ya sosa ƙeya. "An kwashe. An cike ramukan wurin ajiye motoci."

"An ce mini ko tsinke ba a ɗauka."

"Ma'aikata ne daga birni, Goggo."

"Kana tsaye kana kallo?"

"Ina da iyali, Goggo."

Ba ta zage shi ba, shi ma ya fi so a ce ta zage shi. Ta ciro cokalin ta danƙa masa, ta fita. Filin motocin faɗi gare shi, an daɓe shi da tsakuwa, ba ta san ta ina za ta fara ba. Ta zaɓi tsakiya, ta durƙusa da ƙyar, ta kwance ganyen ayaba, ta ajiye abincin a ƙasa.

"Chencha, ci," in ji ta. "Kakarki ta faɗa mini, na yi mata dariya."

Wata doguwar motar 'yan yawon buɗe ido ta shigo tana neman wurin tsayawa. Direba ya danna hon, ya leƙo ta taga.

"Kaka, a matsa mana! Nan ba wurin talla ba ne."