Ranar da Surukina Ya Zo Duba Garken Fumfuna

Ko tsufa ya ci ni, ba na jin zan manta da ranar da mahaifin matata ya zo duba dabbobina.

Lokacin ina karatun digiri na biyu, ina bincike a ɗakin gwajin makarantar da nake koyarwa a nan Potiskum. Fumfuna nake reno a ƙananan faranta masu murfi, irin wadda ke zaune cikin ganyen darbejiya. Nakan ɗiga mata sinadarin da tsiro ke yi don girma, sai ta zaci ta koma cikin ganye ne, ta fara fitar da sabbin sinadaran da ake fatan su zama magani. Bayan watanni ina wahala, faranti ɗaya tak ya yi ja, alamar an dace.

Da kawuna zai je nema mini aure a Dogo Tebo, ya tambaye ni me zai ce ina yi. Cikin raha na ce, "Kiwo, Kawu. Ba su ƙirguwa." Haka ya je ya faɗa wa Alhaji, mahaifin yarinyar, wanda ya tsufa yana fataucin shanu.

Wata Asabar sai ga Alhaji da abokinsa dillali a Keke Napep, wai a nuna musu garke. Gumi na karyo mini na jera musu faranta, na yi bayani.

Alhaji ya daɗe yana kallo. "Yaro, wato ƙarya kake yi wa fumfuna?"

"Kusan haka ne, Baba."

"Kuma tana yarda?"

Kafin in amsa, dillali ya ɗauki jan farantin ya buɗe, ya shinshina kamar mai duba hancin saniya. Sai atishawa, kai-tsaye a ciki. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan dai ba ta da lafiya."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ina kuka ba, ƙato da gemu. Dillali ya rikice, yana cewa zai kawo mini wata daga tsohon tuwon gidansu.

Farantin ya lalace, sai da na sake aikin daga farko. Amma da yamman nan Alhaji ya aika wa Kawu cewa ya ba ni. Wai wanda ya yi wa fumfuna wannan kuka ba zai bar 'yarsa da yunwa ba.

Tun daga ranar na koyi cewa ba a raha da ɗan aike, don yadda ka faɗa haka zai kai.