Sanƙona a Foldar Shanu

Shekara goma sha ɗaya ina ɓoye sanƙona a ƙarƙashin hula. Ko abokan aikina na rigakafin dabbobi a Gwaram ba su taɓa ganin tsakar kaina ba.

Aikinmu shi ne mu zaga rugage, in mun ga saniya mai kirci, ciwon fatar nan mai zubar da gashi, mu ɗauki hoton fatarta, mu ɗora a wata folda ta intanet da dukkanmu muke gani, har likitan da ke Birnin Kudu. To, a lokacin na sayi wani mai da aka rantse mini yana tsiro da gashi, kowace Juma'a kuma nakan ɗaga waya sama in ɗauki hoton kaina don ganin ci gaba. Wata Litinin ina sauri, na kwashi hotuna tara na ɗora. Takwas ne na shanu.

Na danna gogewa, waya ta ce ba ni da izini. Na sake dannawa har yatsana ya yi zafi. Wai kowa na iya ɗorawa, amma gogewa sai Hajiya mai kula da kwamfuta a ofishinmu na Birnin Kudu, tunda wani ya taɓa share aikin wata guda. Wane irin tsari ne wannan, fisabilillahi? Na kira ta, ta ce ba ta goge komai ta waya.

Washegari na hau mota zuwa Birnin Kudu, raina a ɓace. Hajiya ta buɗe hoton, ta ƙara masa girma, ta ce ita dai fata take gani da 'yan gashi tsilli-tsilli, ba za ta goge bayanan dabba a kan maganar baki ba. Na yi rantsuwa, na yi magiya, ko gezau. Ga mutum huɗu a ofishin, kowa ya ajiye aikinsa.

Na cire hular. Wallahi kunya kamar in nutse.

Ta dubi kaina, ta dubi kwamfuta, ta sake duban kaina.

"Naka ne, Malam," ta ce. "Amma karanta abin da likita ya rubuta kafin in goge."

Na sunkuya da hula a hannu. Tun jiya ya rubuta a ƙasan hoton: "Wannan ta daɗe da kamuwa, magani ba zai yi ba. A ware ta daga garke."